Sakin da Na Ɗinke Cikin Fata

Ƙanwata ta yi shekaru a gidan miji babu miji. Lokacin da fari ya ci ƙasarmu a farkon shekarun saba'in, shanu suka mutu, rumbuna suka zama kango, mijinta ya bi maza zuwa arewa, ya ce zai nemo abin da za a ci ya dawo kafin shuka. Aka yi shuka aka girbe, aka sake yi, bai dawo ba. Labari dai muna samu daga bakin matafiya: yana Arlit inda ake haƙar ma'adini, yana aikin lebura, lafiyarsa lau.

Ita kuwa tana ƙauyensu, gabas da Dungas, ba matar aure ba, ba bazawara ba. Allah bai ba su haihuwa ba kafin ya tafi. Uwar mijin tsohuwa ce da ƙafafu suka daina ɗaukarta, ƙanwata ce ke tayar da ita, ta yi mata wanka, ta dama mata fura, ta zubar mata da abin da ba a faɗa. Bayan haka ga daka, ga rijiya mai nisa, ga gonar gandu. Wan mijin, babban ɗan tsohuwar, yana nan a gidan da iyalinsa, amma ba wanda ke taɓa wannan aiki sai 'yar mutane. Ubanmu ya rasu, ni ne babba, ni ne waliyyinta. Duk sanda na je na ga ƙasusuwan wuyanta, sai in dawo gida in kasa cin tuwo.

Mun kai magana gaban liman ba sau ɗaya ba, muna neman a raba auren tunda miji ba ya ciyarwa. Duk ranar da za a zauna, sai wan mijin ya ɓullo da turmin atamfa ko 'yan sandunan sabulu, ya ajiye a tsakiyar tabarma, ya ce aike ne daga ƙanensa. Ni na san atamfar, na ga irinta a rataye a kasuwar Dungas, amma ba ni da shaida. Daga baya wani fatake ya kawo takarda da ajami, mijin ya sa an rubuta cewa ya sake ta. Wan ya juya takardar gaba da baya, ya yi murmushi.

“Allah gafarta malam, ƙanena ko alif bai sani ba. Kowa ma yana iya biyan malami ya rubuta abin da yake so.”

Na tashi zan shaƙe shi aka rirriƙe ni. Liman mutum ne mai tsoron ɗaukar alhaki, ya ce shi ba zai kwance aure a kan takardar da ake musu ba, kuma ko ni na je na jiyo da kunnena, shaidar wa a kan ƙanwarsa ba za ta rufe bakin kowa ba. Sai wani daga cikin mazauna zauren ya ce ai yanzu akwai manyeto, akwatin nan da ake sa wa kaset ya kama magana ya maido ta yadda aka faɗa. Liman ya ja gemu, ya ce in aka kawo muryar mijin, na gidansu suka shaida ita ce, ya karɓa.

Na sayar da ragon da nake turka, na nufi Magariya ranar kasuwa. Akwai wani Babarbare mai gyaran rediyo a bakin tasha, shi ke kawo kaset daga Kano. Mu asalinmu Fulani ne, ko da yake Hausa muka tashi da ita, don haka tsakanina da shi sai tsiya.

“A'a, yau daji ya shigo birni! Kai Bafillace, me za ka yi da kaset? Kukan saniya za ka ɗauka?”

“Rufe mini baki, bawan gidanmu. Uban gidanka ya zo ko tashi ba ka yi ba.”

Na gaya masa abin da ya kawo ni, ya bar dariya. Ya ɗauko kaset iri biyu ya ajiye a kan tebur. Ɗaya ya fi nauyi, da 'yan ƙananan kusoshi na murɗawa a kusurwoyinsa. Ya ce wannan gajere ne, amma zarensa da kauri, in ya sami matsala a kwance a gyara. Ɗayan sakayau, an manne shi da gam, ya ce wannan dogo ne, yana ɗaukar magana ninkin wancan, sai dai zarensa siriri kamar ɓawon albasa, ba ya son zafi, ba ya son jijjiga.

“Ɗauki gajeren. Ɗauki biyu ma, ya faɗa a wannan ya faɗa a wancan, ɗaya a aljihu ɗaya a jaka. Maganar saki nawa take? Numfashi ɗaya ce.”

Na ce dogon nake so, kuma guda ɗaya.

“Allah ya shirya Fulani! Rowa za ta kashe ku.”

Daga baya mutane da yawa sun ce rowa ce, na ƙyale su, don rowa ta fi sauƙin ɗauka. Kuɗin ragon yana aljihuna, ya isa in sayi biyar. Abin da ke raina daban ne. Tun ranar da liman ya yi maganar nan nake tara kalmomi. Ina noma ina shirya su, ina kiwo ina gyara su. Ina so in tsaya gaban mutumin nan in wanke shi tas, shi da gidansu, akwatin ya kama, in dawo a kunna a gaban gari, kowa ya ji yadda na yi da shi. Gajeren kaset ba zai ɗauke abin da ke cikina ba. Da wannan na yi zaɓi. Babarbaren ya sa kaset ɗin a gidansa na roba, ya ce in naɗe da tsumma, in sa a gwangwani mai murfi, in cusa a tsakiyar kaya inda rana ba ta kaiwa. Na ce na ji. Gwangwanin ma ban nema ba.

Daga Damagaram na hau kamiyo, babbar mota mai kayan hatsi, lokacin bazara. Wanda bai bi hanyar Tanut zuwa Agadas a shekarun nan ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Ba hanya ba ce, sawun motoci ne a cikin yashi. Muna zaune a ƙolin buhuna kamar angulaye, ƙarfen gefe ba ya taɓuwa don zafi. In mota ta kafe kowa ya sauko, a haƙa da hannu, a shimfiɗa faifan ƙarfe ƙarƙashin taya, a tura, a bi ta da gudu a ɗafe. Yashi ya shiga goro, ya shiga garin da na ƙulle a zane, ya shiga tsakanin haƙora. Tun kafin Tanut wani ƙato ya zauna a kan jakata, na ji ƙas. Gidan robar ya tsage gida biyu. Kaset ɗin bai yi komai ba, amma daga nan na riƙe shi a aljihu, hannuna a kai har muka isa.

Na same shi a bayan garin Arlit, inda leburori suka kakkafa ɗakuna da gwangwanin tano, wato ganga, da kwali. La'asar ce, ya taso daga aiki. Ya yi ƙiba. Da agogo a hannunsa, da takalmi mai rufi, ga manyeto nasa na kansa a kan akwati an lulluɓe da ƙyalle. Matarsa kuwa, ƙanwata, tana can ƙauye da zane ɗaya mai faci. Ya gan ni ya durƙusa.

“Yaya, kai ne da kanka? Sannu da hanya. Yaya Inna?”

Na ce saki na zo karɓa, da bakinsa. Na zaci zai yi gardama, na shirya mata tun daga gida. Sai ya sunkuyar da kai ya ce ai ya riga ya aika da takarda, wansa ne ya aiko masa cewa ya yi shiru, in yarinyar ta tafi wa zai riƙe tsohuwa. Ya ce shi ba ya jin zai koma, kunya ma ba za ta bar shi ba. Ya ce a kawo kaset ɗin yanzu ya faɗa.

Sauƙin nan da ya yi shi ya ƙarasa ni. Ashe numfashi ɗaya ne, kamar yadda Babarbare ya ce, kuma saboda numfashi ɗayan nan yarinya ta tsufa a tsaye. Ya sa sababbin pil, wato batir, a manyeton, ya danna, ya fara da sallama, ya faɗi sunansa da na ubansa, ya gaida liman, ya gaida uwarsa, ya ce ta yafe masa. Yana shirin shiga maganar na katse shi.

Na yi magana har muryata ta dushe. Na kira shi rago, na kira shi mataccen namiji, na lissafa masa agogo da takalmi. Na koma kan wansa, na ce ɓarawo ne mai sayen atamfa ya yi wa malamai ƙarya. Waɗannan ban janye su ba har yau. Amma ban tsaya nan ba. Na hau kan tsohuwa. Na ce ta kwanta kamar buhun gero tana tsotsar ƙarfin 'yar mutane, na ce ƙafarta ce ta mutu, cikinta bai mutu ba, na ce gida ne na matsiyata tun daga uwar har 'ya'yan. Shi dai yana cewa, “Na ji, Yaya. Haka ne, Yaya.” Da na zo kan uwarsa ya ɗago ya dube ni. Sai da zaren ya kusa ƙarewa na ce to, faɗi. Ya ce ya sawwaƙe mata. Na ce ya faɗa da kalmar da ba ta da musu. Ya faɗi sunanta da na ubanmu, ya ce ya sake ta, ba biko.

Da ya kashe akwatin ya ce, “Yaya, don Allah a shafe a sake. In faɗi tawa kawai. Inna za ta ji wannan.”

Na ce don ta ji na yi. Na zare kaset ɗin na fita, ko ruwansa ban sha ba.

A Agadas, muna jiran motar kudu, tsoro ya kama ni. Abin da ke aljihuna yanzu ba fanko ba ne, rayuwar ƙanwata ce, kuma ba shi da gida. Na zauna ina tunani, me muke da shi mai daraja da ke tafiya da mutum ko'ina bai lalace ba? Laya. Ina da ita a damtsena tun ina yaro, ta sha ruwan sama, ta sha gumi, ta faɗa rijiya tare da ni, ayar da ke ciki tana nan. A wurinmu duk abin da ake so ya daɗe, fata ake sa masa. Na ji kamar an yi mini wahayi. Har na raina Babarbaren da gwangwaninsa.

Na sami wani baduku a bakin kasuwa, dattijo mai haƙuri. Ya karɓi kaset ɗin ya jujjuya, ya leƙa ramukan nan biyu.

“Wace aya ce a ciki, malam?”

“Ba aya ba ce. Magana ce.”

“To ai aya ma magana ce. Ta tsari ce ko ta farin jini?”

Na ce ta saki ce. Ya yi salati, ya ce shi dai ɗinki ne nasa. Na ce ina so ya matse, ko iska kada ta shiga, balle yashi. Ya yi aikinsa yadda ya gada. Ya jiƙa jar fatar akuya har ta yi laushi, ya ja ta a jikin kaset ɗin, ya ɗinke gefe da gefe, ya yi mata zane mai kyau, ya sa maɗauri. Sannan ya ɗora a kan katanga cikin rana ta bushe. Ina zaune a inuwa ina kallo, ina jin daɗi. Jiƙaƙƙiyar fata in ta bushe tsukewa take yi, wannan ko yaro ya sani a gidan masu shanu. Da ita muke ɗaure ƙotar gatari ta kama kamar ƙarfe. Na sani sarai, ban dai haɗa sanin da abin da ke gabana ba.

A hanyar dawowa na rataya layar a wuya, a kan riga, don in riƙa ganinta. Abu ɗaya nake tsoro, ruwa, domin mu abin da muka sani ke ɓata laya shi ne ruwa ya shiga tawada ta narke. Saboda haka duk sanda mota ta kafe muka sauka haƙa, sai in cire ta in rataye a ƙarfen kamiyo don kada gumina ya jiƙa ta. Ƙarfen da ba ya taɓuwa. Tsakar rana, cikin bazara. Ina ƙasa ina haƙar yashi, ina ɗaga kai ina dubanta tana lilo, ina cewa a raina ba mai wayona.

Ban wuce gida ba, na tsaya Magariya don in ari manyeto. Na ajiye layar a teburin Babarbare. Ya dube ta, ya dube ni.

“Ina kaset ɗin?”

Na nuna masa. Ya ɗauko aska ya bi ɗinkin a hankali. Da fatar ta buɗe, abin da ya fito ya lanƙwashe kamar ɓawon kabewa da ya sha rana, gefe ɗaya ya tsage, ramukan ba sa juyawa.

“Kai, Bafillace. Kai! Me ya hana ka yanka masa kaza, ka tofa masa addu'a?”

Na zauna a kan wata tsohuwar rediyo. Da ya ga fuskata ya bar wasa. Ya ɗora wuƙa a garwashi, ya bi inda aka manne da gam yana rabawa kaɗan kaɗan, yana zagin wanda ya ƙera shi ba kusoshi. Ya ɗauke naɗin zaren da yatsu biyu ya mayar cikin gidan wani kaset, irin wanda na ƙi saya. Ya nuna mini: na ciki lafiya lau, amma na waje, wanda aka ɗauka daga ƙarshe, ya yamutse, ya miƙe, wani wuri ya manne da ɗan'uwansa. Ya sa tsinke yana ɓanɓarewa, ya naɗe shi baya da hannu.

“Me ke ƙarshen?”

“Sakin.”

“To me ke farkon, duk tsawon nan?”

Na ce gaisuwa ce. Ya ce lalle mutumin nan ya iya gaisuwa. Na roƙe shi ya juya a wani kaset mai ƙarfi. Ya ce juyawa ma kunnawa ce, kuma shi kunnawa ɗaya ya lamunce mini, in ta tsinke a rumfarsa wa ya ji, shi da ƙudaje? Ya ce a sa daga farko a bar shi ya tafi da kansa, kada a tsayar, kada a yi gaba da baya. Na yi tunanin in ce ya yanke tsakiyar. Sai na tuna wan mijin, in ya ji alamar yanka zai ce an haɗa. Ga shi kuma muryar mijin mai kyau a farkon take, da ita za a gane ta ƙarshen. Kuma kada in yi wa kaina ƙarya, har lokacin akwai sauran wuri a zuciyata da ke son a ji.

Liman ya ce a yi zaman a gidansu, tunda tsohuwa ba ta fita, kuma ba wanda ya kai ta sanin muryar ɗanta. Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar ɗakinta. Dattawa suka zauna, mata suka tsaya a bayan danga. Ƙanwata ta fito da tsohuwar a rungume, ta zaunar da ita, ta zauna a bayanta ta jingina ta da ƙirjinta, ta gyara mata kallabi. Rabona da ganin tsohuwar nan da kyau an daɗe. Ta ƙanƙance, ba ta fi yarinya ba. Ta ce mini, “Sannu da hanya, ɗan nan. Ka gan shi? Yana cin abinci?” Na ajiye manyeton a tsakiyar tabarma. Na danna.

Muryarsa ta fito tar. Da ya gaida ta ta amsa da ƙarfi, kamar yana tsaye a gabanta, “Lafiya lau, lafiya lau.” Da ya ce ta yafe masa ta ce, “Na yafe.” Sai tawa ta shigo.

Ban taɓa jin muryata daga waje ba. Siririya ce, mai tsiwa, kamar ta mai tallan magani. Da ina zagin mijin wasu suka yi dariya a bayan danga. Da na zo kan wan, ya miƙe yana cewa a kashe, liman ya ɗaga masa hannu ya zauna. Wannan wurin na ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Amma na san abin da ke tafe, kuma ba ni da ikon tsayarwa. Na dubi 'yan ƙafafun kaset ɗin nan biyu suna juyawa a hankali, na roƙi Allah pil ya mutu. Bai mutu ba. Buhun gero ya fito. Ƙafar da ta mutu da cikin da bai mutu ba ya fito. Duk kalma a sarari, ko tari ɗaya zaren bai ɓata ba. Ba wanda ya ƙara dariya. Tsohuwar ba ta motsa ba, hannunta dai ya sauka daga gwiwar ƙanwata ya koma cinyarta. Ƙanwata ta kafe ni da ido ta saman kan tsohuwar, ban taɓa ganin idon nan a fuskarta ba.

Sai aka zo ƙarshen. Muryar ta faɗa ƙasa, ta yi kauri, tana ja kamar mai magana cikin tulu, ta tashi ta yi siriri, ta sake faɗawa. Sunan ƙanwata ya fito rabi. “Na sake ta” ya fito, ana ji, amma da wata murya da ba ta yi kama da ta ɗan Adam ba. Zaren ya ƙare.

Wan mijin ya tashi yana tafa hannu.

“Jama'a kun ji! Na farkon ƙanena ne, ban musa ba. Wannan na ƙarshen fa? Wannan ai raƙumi ne. Ya je ya zage mu, ya zagi uwarmu, ƙanena ya ƙi saki, ya samo wani ya toshe hanci ya faɗa. Allah gafarta malam, a kan kukan raƙumi za ka kashe aure?”

Wasu dattawan suka gyaɗa kai. Bayan abin da suka ji daga bakina, wa zai tsaya mini? Liman ya bar surutun ya lafa, ya juya wajen tsohuwar.

“Inna, ke za ki raba mu. Muryar ƙarshen nan, ta ɗanki ce ko ba tasa ba?”

“Inna,” in ji babban ɗanta, a hankali, “ki yi tunani. Ki tuna wa ke tayar da ke.”

A gaban liman ya faɗi haka, a gaban kowa, ko kunya babu. Har ya mutu bai taɓa cewa ya yi laifi ba, kuma ni ban taɓa zuwa masa gaisuwar sallah ba. Wata akuya ta shigo ta leƙa ƙwarya aka kore ta. Kalma ɗaya ce tsakaninta da wankan safe da furar rana, kuma wanda zai amfana da gaskiyarta shi ne wanda ya gama kiranta buhu.

“Shi ne,” ta ce. “Ni na haife shi. Ko daga cikin rijiya ya yi magana na san shi. Ya sake ta. Malam, ku sallami yarinyar nan, ta yi mini abin da 'ya'yan cikina ba su yi ba.”

Liman ya ce aure ya mutu, dattawa suka shaida, aka shafa fatiha. Ana shirin tashi tsohuwar ta ce a tsaya. Ba ta dube ni ba, akwatin take kallo.

“A mayar da shi farko. Inda ya gaishe ni kawai.”

Na danna maɓallin mayarwa. Ya yi 'yar tafiya, sai ya yi wani kuka, ya tsaya. Na buɗe, zaren ya fito a cukurkuɗe kamar hanjin kaza, ya naɗe a ƙarfen ciki, na ja ya tsinke a hannuna. Ta ce, “Shi ke nan,” ta ce wa ƙanwata ta mayar da ita ɗaki.

Washegari na zo da jaki ɗaukar kayan ƙanwata. Ta daɗe a ɗakin tsohuwar, na ji tana gaya wa matar wan yadda ake riƙe ta a ƙugu in za a tayar da ita, da cewa ba ta son fura mai tsami. Ta fito idonta a kumbure. Na ɗaura akwati da tabarmi a kan jaki. Saura ƙorenta, jere guda a cikin ragar igiya, irin wanda mata ke ɗauka. Na miƙa hannu zan ɗaura ta hana.

“Yaya, ni na taɓa ce maka tana tsotsar ƙarfina?”

“Ba ki taɓa ba.”

“In sun hana ni tuwo, nata take ɓoye mini a ƙarƙashin zane. Ka tambaye ni kafin ka tafi?”

“Ban tambaya ba.”

Ta ɗaga jeren ƙoren da hannu biyu ta ɗora mini a ka, a kan hulata. Ta karɓi igiyar jakin ta wuce gaba. Akwai hanyar bayan gari, ba ta bi ta ba. Ta bi ta gaban masallaci, ta bi ta bakin rijiya inda mata suka cika, suka bar guga suna kallon ƙato da gemu ɗauke da ƙoren mata. Wata ta ce, “Amarya, ina za a kai ki?” suka kwashe da dariya. Ban sauke ba, ita ma ba ta waiwaya ba, har muka shiga gidan ubanmu.